Shiryayyen Darasi da Koya wa Yara Insha'i

A wata shekara, lokacin da nake zagayen duba ɗalibai masu koyon aikin koyarwa, na sauka a wata makarantar firamare da ke wani ƙauye mai nisa da titin mota. Malamin aji biyar, saurayi mai ƙwazo, ya miƙo mini littattafan insha'in 'yan ajinsa yana fara'a. Kan maganar da aka ba su shi ne "Kasuwar Garinmu". Na buɗe na farko na karanta, na ji daɗi, domin jimlolin a daidaice suke, aya da waƙafi kowanne a wurinsa. Na buɗe na biyu, sai na ji kamar na taɓa karanta shi. Kafin in kai na goma na gane cewa insha'i ɗaya nake ta karantawa da hannuwa daban-daban. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne kowane yaro ya rubuta cewa kasuwar garinsu tana ci kullum, tana da ƙofofi huɗu, kuma akwai banki kusa da ita, alhali kasuwar ƙauyen nan ran Laraba kaɗai take ci, a gindin wasu itatuwan tsamiya, ba ƙofa ba katanga. Da na tambayi malamin, sai ya ɗauko littafin jagora ya nuna mini. Ashe samfurin da aka buga don nuna wa yara yadda ake yi, shi ya rubuta a allo, su kuwa suka kwafe.

Tun daga ranar nake ta juya maganar shiryayyen darasi a raina. Abin da nake nufi da shi shi ne darasin da wasu masana suka zauna suka tsara daga farko har ƙarshe, suka buga a littafi, aka miƙa wa malami. Sun zaɓi kan magana, kamar damina ko kiwon kaji ko tsabtar ruwan sha. Sun tanadi gajeren bayani da za a karanta, sun fitar da sababbin kalmomi, sun jera tambayoyin da malami zai yi da matakan da yaro zai bi har ya kai ga rubuta nasa. Wasu littattafan ma har abin da malami zai faɗa sun rubuta kalma bayan kalma, da yawan mintocin da kowane mataki zai ci.

Malamai sun rabu biyu a kan wannan al'amari. Wasu suna ganin sauƙi ne ya zo musu. Wasu kuwa, musamman tsofaffin hannu, suna ganin cin fuska ne, wai an mai da malami aku. Ni dai ra'ayina shi ne, a halin da makarantunmu suke ciki, shiryayyen darasi ya fi rashinsa nesa ba kusa ba, kuma abin da na gani a ƙauyen nan bai sa na sauya ra'ayi ba. Sai dai ya nuna mini cewa littafin yana iya samar da takardu cike da rubutu ba tare da an koyi rubutun ba ko kaɗan, kuma wannan haɗari ne mai wuyar ganewa. Yaron da bai rubuta kome ba, kowa ya san yana da matsala. Wanda ya cika shafi biyu da maganar wani kuwa, har yabo zai sha.

Faifai da Rumbu

Kafin mai karatu ya yanke hukunci, ya kamata ya san abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwar yaro idan ya riƙe alƙalami. Masu nazarin tunanin ɗan Adam sun bambanta ma'ajiya iri biyu. Akwai wadda za mu iya kira rumbu, inda ake tara duk abin da mutum ya sani, kuma ba a san ta da cika ba. Akwai kuma wadda za mu kira faifai, inda ake ɗora abin da ake aiki da shi nan take. Wannan faifai ƙarami ne ƙwarai. A shekarar 1956 wani masani Ba'amurke mai suna George Miller ya ƙiyasta cewa abubuwa kamar bakwai yake ɗauka a lokaci guda. Daga baya, a 2001, Nelson Cowan ya bi diddigin binciken da aka tara ya ce abin ya fi kusa da huɗu. Ko bakwai ne ko huɗu, magana ɗaya ce: in aka cika faifai, wani abu zai zube.

To, rubutu aiki ne mai cika faifai. A 1981 Linda Flower da John Hayes sun buga sakamakon nazarin da suka yi, inda suka sa marubuta su riƙa faɗin abin da ke zuciyarsu da ƙarfi yayin da suke rubutu. Sun gano cewa marubuci yana kai da kawowa ne tsakanin ayyuka uku, wato tsara abin da zai faɗa, da mai da shi jimloli, da komawa baya don dubawa da gyara. Ba a gama ɗaya sannan a shiga ɗaya, duk a cakuɗe suke tafiya. Wannan fa ga babba ke nan, wanda hannunsa ya riga ya faɗa. Yaron aji huɗu yana da ƙarin kaya. Yana tunanin yadda ake lanƙwasa harafi, yana tunanin ko "ƙasa" da ƙugiya ake rubuta ta, yana tunanin ko "yana" a haɗe take, ko "shi ne" a rabe take. Kafin ya warware waɗannan, maganar da ya so ya faɗa ta gudu. Shi ya sa za ka ga yaro mai surutu, wanda zai iya ba ka labarin damben da aka yi a dandali na rabin sa'a ba tsayawa, amma in aka ba shi takarda sai ya rubuta layi biyu ya tsaya yana taunar alƙalami. Ba daƙiƙanci ba ne, faifansa ne ya cika.

A nan ne shiryayyen darasi ke da amfaninsa na farko. Idan an riga an ba yaro abin da zai yi magana a kai, an tattauna shi a aji, an rubuta muhimman kalmomi a allo, to an sauke masa kaya ɗaya, sai ya mai da hankali ga gina jimla. Gobe kuma a sauke masa wani kayan a ɗora masa wani. Malamin da ya shiga aji ya rubuta "Ranar da Ba Zan Manta da Ita Ba" a allo, ya ce a rubuta shafi guda, ya fita ya zauna a inuwa, bai koyar da kome ba. Jarrabawa ya yi a kan abin da ba a koyar ba. Da yawanmu haka aka yi mana, kuma kaɗan da suka iya rubutu a cikinmu sun iya ne ta wata hanyar, yawanci ta yawan karance-karance.

Akwai wani bincike da nake so malamai su riƙe. A 1988 wasu mata biyu a Amurka, Donna Recht da Lauren Leslie, sun ɗauki yara 64 'yan ƙaramar sakandare suka ba su wani bayani a kan wasan besbol, wato ƙwallon nan da Amurkawa ke bugawa da kulki. Sai aka tarar yaran da ba su da ƙarfi a karatu amma sun san wasan, sun fi fahimtar bayanin da tuna shi a kan yaran da suka iya karatu amma ba su san wasan ba. Binciken a kan karatu aka yi shi, amma kowane malami zai ga inda ya shafi rubutu. Mutum ba ya rubuta abin da babu shi a rumbunsa. Saboda haka kan maganar darasi dole ya zama ɗaya daga cikin biyu: ko dai abin da yaro ya riga ya sani, ko kuma abin da darasin zai fara zuba masa a rumbu kafin a ce ya rubuta. Wannan ne ma ya sa nake ganin tsarin da ke tsayawa a kan batu guda har mako uku ko huɗu ya fi wanda yau yana kan jirgin sama, gobe kan giwa, jibi kan zaɓe.

Halin da Malami ke Ciki

Masu sukar shiryayyen darasi sukan kwatanta shi da aikin gwanin malami, wanda ya san ɗalibansa ɗaya bayan ɗaya, yana da littattafai a gida, yana da lokacin zama ya tsara nasa. Ba shakka irin wannan malami ya fi kowane littafi. Amma a tambayi kai, ajujuwa nawa ne ke da shi? Tun lokacin da aka ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta ga kowa a 1976, yawan yara ya riƙa gudu yana barin horar da malamai a baya, kuma shirin ilimin bai-ɗaya na 1999 ya ƙara yawan. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta bayyana cewa malaman firamare 21,780 daga cikin kimanin 33,000 da aka yi wa gwaji ba su kai makin da aka gindaya ba. Ƙungiyar malamai ta ƙi amincewa da yadda aka gudanar da gwajin, kuma an daɗe ana ja-in-ja. Ba hukuncin wannan rigima ya kawo ni ba. Abin da kowa ya yarda da shi shi ne akwai ɗimbin malamai da ba a taɓa koya musu yadda ake koyar da rubutu ba, domin su ma ba a koya musu rubutun ba. Laifin ba nasu ba ne su kaɗai.

Irin wannan malami, ga aji cike maƙil, wasu a kan benci wasu a ƙasa, ga albashin da ba ya kai shi ƙarshen wata, in an ce ya ƙirƙiro darasin insha'i da kansa kowane mako, abin da zai faru sananne ne. Zai koma ga kwafar allo da haddar ma'anar suna da aikatau. Littafin jagora mai kyau yana ba shi abin da zai yi ran Litinin da safe, kuma a hankali yana koya masa sana'ar, kamar yadda sabon tela ke fara yanka a kan zanen da maigidansa ya yi masa.

An kuwa gwada wannan a ƙasar nan. Shirin ESSPIN, wanda gwamnatin Ingila ta tallafa daga 2008 zuwa 2017, ya raba wa malamai tsararrun darussan karatu da lissafi a jihohi shida, cikinsu har da Kano da Jigawa da Kaduna. A Bauchi da Sakkwato, wani shiri da Amurka ta tallafa daga 2015 ya fito da littattafan Mu Karanta na 'yan aji ɗaya zuwa uku tare da jagoran malami. A Katsina da Zamfara an yi shirin RANA. Irin waɗannan shirye-shirye sukan dogara ne a kan mataki uku da masana suka daɗe da sani: malami ya yi yara na kallo, sannan a yi tare, sannan yaro ya yi shi kaɗai. A 2018 kuma Benjamin Piper da abokan aikinsa sun nazarci littattafan jagora na shirye-shirye 19 a ƙasashe 13. Sun tarar tsararren jagora yana ɗaga ƙoƙarin yara, amma wanda aka cika wa rubutu, aka rubuta wa malami kowace kalma, bai kai wanda aka sauƙaƙa ba. Nan ma yawanci koyon karatu aka duba, amma ishara ce mai ƙarfi. Tsofaffin hannun da ke tsoron a mai da malami aku suna da tasu gaskiyar, sai dai maganin shi ne a rage wa littafin surutu, ba a jefar da shi ba.

Kwafa da Kwaikwayo

Yanzu mu koma ga kasuwa mai ƙofofi huɗu. Me ya faru a ajin nan? An yi mataki na farko, malami ya nuna samfuri. Daga nan aka tsaya. Ba a yi tare ba, balle yaro ya yi shi kaɗai. Kuma mataki na uku shi ne wanda aka fi tsallakewa a ko'ina, domin shi ya fi cin lokaci, shi ya fi kawo hayaniya, shi ne kuma ke fito da kurakurai fili. Malamin da ke jiran mai duba makarantu ya fi son littattafai masu tsabta.

Mu Hausawa muna da daɗaɗɗiyar al'adar kwafa, kuma ba abin rainawa ba ce. A makarantar allo yaro yakan fara da babbaƙu, ya shiga farfaru, malam na rubuta masa har hannunsa ya yi ƙwari ya fara rubuta allonsa da kansa. A can, daidaito shi ne manufa, domin abin da ake rubutawa ba a yarda a sauya masa ko ɗigo ba, kuma tsarin ya dace da manufarsa sarai. Kwafa tana gyara hannu, tana zaunar da ƙa'idar rubutu, wato tana rage wa faifai kaya. Amma insha'i manufarsa daban ce. Ana so ne mutum ya ɗauko abin da ke kansa ya shirya shi yadda wani zai gane. Idan aka ɗauko ma'aunin aikin farko aka auna na biyu da shi, sai a sami yara arba'in masu kyan hannu da ba wanda zai iya rubuta wa yayansa wasiƙa.

Kwaikwayo kuwa wani abu ne daban, kuma babban misalinsa yana cikin adabinmu. Alhaji Abubakar Imam yana malamin makarantar Midil ta Katsina ya shiga gasar rubutun da Hukumar Fassara ta Zariya ta shirya a 1933 a ƙarƙashin Dokta Rupert East, da littafinsa Ruwan Bagaja. Bayan haka aka ɗauko shi zuwa Zariya don ya rubuta littattafan karatu na makarantu. East ya tara masa littattafan labarun Larabawa da na Turawa da na Gabas, daga cikinsu ne kuma Magana Jari Ce ta fito. Masu nazari sun gano tushen labarai da yawa a Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamusawa da sauransu. To amma wa zai karanta littafin ya ce ba a ƙasar Hausa aka yi abin ba? Fadar, da fadawan, da ba'ar, da karin maganar, duk namu ne. An ba shi ƙashi, shi ya sa tsoka. Kusan a ce shiryayyen kan magana aka ba shi, amma ya bi da shi ta cikin rumbunsa kafin ya fito da shi.

Haka nan Benjamin Franklin na Amurka ya faɗa a tarihin rayuwarsa yadda ya koya wa kansa rubutu yana yaro mai koyon aikin ɗab'i. Yakan ɗauki wata maƙala daga mujallar Spectator, ya rubuta 'yan kalmomi kaɗan da za su tuna masa ma'anar kowace jimla, ya ajiye har kwanaki, sannan ya sake gina maƙalar da nasa kalmomin ba tare da duba ta asali ba, daga ƙarshe ya gwada su ya ga inda ya gaza. Wani lokaci ma yakan hargitsa 'yan kalmomin don ya koyi jera tunani. A lura da sirrin abin: ana rufe samfurin. Muddin samfuri na kan allo, ido zai ɗauka hannu ya sauke, ba tare da maganar ta bi ta ƙwaƙwalwa ba. Da malamin ƙauyen nan ya karanta samfurin, ya goge allo, ya ce, "To, tamu kasuwar fa, yaushe take ci? Me ake kawowa? Daga ina?" da darasin ya yi aikin da aka shirya shi dominsa.

Akwai masu cewa a bar yaro ya zaɓi abin da zai rubuta a kai da kansa. Donald Graves ya yi suna da wannan ra'ayi a littafinsa na 1983, kuma akwai hikima a ciki, domin mutum ya fi zuba ƙoƙari a kan abin da ya dame shi. Ina goyon bayan a ware rana guda a mako don haka. Amma ban yarda a gina dukan koyarwa a kansa ba. Yaron da ya tashi a gidan da ake karanta jarida zai samo abin faɗa da salon faɗarsa. Ɗan gidan da babu takarda ko ɗaya zai yi ta maimaita jimla uku da ya iya. 'Yancin zaɓi ba ya amfanin wanda bai da abin zaɓa, sai ma ya ƙara tazara tsakanin yaran biyu.

Gwangwani Uku da Wake

Tun da wannan mujalla ta kimiyya ce, bari in nuna irin darasin da nake so a riƙa shiryawa, domin ina ganin malamin kimiyya da malamin harshe sun daɗe suna aiki kamar ba a makaranta ɗaya suke ba. A ɗauki tsirowar wake. Nijeriya ce kan gaba a duniya wajen noman wake, Nijar na biye da ita, saboda haka da wuya a sami yaron da bai taɓa riƙe ƙwayarsa ba. A samo gwangwani uku a zuba ƙasa. Na farko a bar shi a bushe, na biyu a huda gindinsa a riƙa yayyafa masa ruwa, na uku a cika shi da ruwa har ya kwanta a kan ƙasar. A shuka wake a kowanne. Kowace safiya yaro ya duba ya rubuta jimla ɗaya tak a kan abin da idonsa ya gani, da kwanan wata. Cikin mako guda za a ga na tsakiya ya tsiro, na busasshiyar ƙasa yana nan yadda yake, na cikin ruwa kuwa yawanci ya ruɓe, domin iri yana bukatar iska kamar yadda yake bukatar ruwa da ɗumi. In an tono ɗaya a kwana na biyu ko na uku, yara za su ga saiwa ce ke fara fitowa kafin ganye.

Ga rumbu ya cika. Sai a zo ga jimla. Malami ya rubuta farkon magana ɗaya sau uku, ya ƙare na farko da "domin", na biyu da "amma", na uku da "saboda haka", yara su ƙarasa. "Waken gwangwani na uku bai tsiro ba domin..." Wannan dabara ta Judith Hochman ce, wata malama a Amurka, kuma kyanta shi ne ba a iya ƙarasa jimlar sai an yi tunani. "Domin" tana neman dalili, "amma" tana neman saɓani, "saboda haka" tana neman sakamako. Waɗannan kuwa su ne ƙashin bayan bayanin kimiyya. Bayan haka a ba su gajerun jimloli biyu ko uku su haɗa su zama ɗaya. Steve Graham da Dolores Perin, da suka tattara sakamakon gwaje-gwaje masu yawa a 2007, sun tarar haɗa jimloli da taƙaita bayani da koyar da dabarun tsarawa da gyarawa duk suna inganta rubutun ɗalibai, amma koyar da nahawu shi kaɗai a ware bai inganta shi ba. Wannan magana za ta yi wa wasu abokan aikina ɗaci, ni ma ta yi mini, domin na ɓata shekaru ina sa yara ja wa sifa layi.

A mako na biyu sai sakin layi, a na uku cikakken rahoto: abin da muka yi, abin da muka gani, abin da muke zaton ya jawo shi. A nan ba yadda za a yi rubutun yara ya zama ɗaya, domin waken wani ya riga na wani fitowa, na wani kuma akuya ta cinye. Shi ma wannan abin rubutawa ne. Irin waɗannan batutuwa ba su ƙarewa. Me ya sa ruwan randa ya fi na bokiti sanyi? Amsar tana cikin yadda ruwa ke tsattsafowa ta jikin yumɓu ya bi iska ya tafi da zafi, kuma a kan wannan ne Malam Mohammed Bah Abba na Jihar Jigawa ya gina dabarar tukunya cikin tukunya ta adana kayan miya, wadda ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Yaron da ya rubuta shafi guda a kan randar ɗakin uwarsa ya koyi kimiyya da Hausa a zama ɗaya.

Saura maganar gyara, wadda ita ce ke kashe gwiwar malamai. A yi lissafi: aji mai yara 100, in kowane littafi zai ci minti 3, an sami minti 300, wato awa 5 a kan aiki guda. Ba malamin da zai jure wannan kowane mako, kuma duk shiryayyen darasin da bai yi la'akari da shi ba, a ofis aka rubuta shi. Abin da na ga yana aiki shi ne a duba abu ɗaya a kowane aiki, yau raba kalma, wani mako jerin tunani. A ɗauki littattafai goma a karanta da kyau, a fitar da kuskuren da ya fi yawa, a gyara shi a allo tare da kowa ba tare da an ambaci sunan mai shi ba, mako mai zuwa a ɗauki wasu goman. Yara kuma su riƙa karanta wa juna abin da suka rubuta da ƙarfi, bibbiyu, domin kunne yakan kama abin da ido ya tsallake.

Ina kuma roƙon masu shirya littattafan nan abu biyu. Na farko, su bar gurbi a fili inda za a ce wa malami ya sa sunan kasuwarsu da amfanin gonarsu da sana'ar garinsu, domin abin da ya dace da yaron Fagge ba lalle ya dace da na bakin Tafkin Chadi ba. Na biyu, taimakon ya riƙa raguwa daga zango zuwa zango. Keken katakon da ake yi wa yaro don koyon tafiya, ba wanda ke so ya gan shi da shi ranar da za a kai shi makaranta. Idan darasi na talatin yana ba da taimako daidai da na farko, to littafin bai yi niyyar yaye kowa ba. Shi kuma malami, kada ya ba yara aikin da bai zauna ya rubuta nasa ba tukuna a daren jiya. A nan ne zai gane inda tambayar ta yi duhu da inda yaro zai maƙale.

Ku kuma ɗalibai na sakandare, na san da yawanku kuna haddace insha'i uku ko huɗu daga littattafan tambaya da amsa kuna jiran WAEC ko NECO, da fatan ɗaya zai fito. Ranar da aka juya tambayar kaɗan, haddar ba za ta cece ku ba, kuma masu duba takardu sun saba ganin insha'i ɗaya daga hannuwa da yawa kamar yadda na gani a ƙauyen nan. Ku gwada hanyar Franklin da littafin kimiyyar da ke jakarku. Ku zaɓi sakin layi ɗaya a kan zagayawar jini ko samuwar ruwan sama, ku fitar da kalmomi uku daga kowace jimla a wata takarda, ku rufe littafin har kwana biyu, sannan ku rubuta bayanin da Hausa yadda ƙanenku na aji shida zai gane. In kun gama ku karanta masa, ku tambaye shi abin da ya ji. Duk inda ya yi shiru yana kallonku, ku sa alama a wurin, ku koma ku buɗe littafin.